Darasi Na 17: Fi'ilin Turanci Mai 'Yar Rakiya

Wannan darasi na 'yan aji na biyu ne, watau waɗanda suka riga suka iya karatu da rubutu da Hausa, suka kuma sa hannu a Turanci. Wanda bai kai nan ba kada ya damu, ya ajiye shi, ranarsa tana zuwa.

Sau da yawa 'yan ajinmu na Kwangila su kan kawo mana kuka iri ɗaya. Mutum ya ce, "Malam, na san *break*, karyawa ne ko fasawa. Na san *down*, ƙasa ne. To, ina dalilin da za a ce *the lorry broke down*, alhali kuwa motar nan ba ta karye ba, ba ta kuma faɗi ƙasa ba, lalacewa kaɗai ta yi a hanya?" Tambayar tana bisa hanya, ita za mu amsa yau.

Kun dai tuna fi'ili, wanda yaran makaranta ke kira aikatau. Shi ne kalmar da ke nuna abin da aka yi, kamar ci, sha, tafi, zauna. A Turanci akwai waɗansu 'yan ƙananan kalmomi da ke bin fi'ili a baya, kamar yadda yaron mota ke bin direba. Ga su: *up, down, in, out, on, off, away, back, over*. In ɗayarsu ta raɓi fi'ili, sai su biyun su zama kalma guda, ma'anarsu kuma ta kan sāke sarai. Turawa suna kiran wannan haɗi *phrasal verb*. Mu a ajinmu za mu riƙa ce masa fi'ili mai 'yar rakiya.

Kada wani ya zaci kansa ne ba ya ja. Tun a 1755 wani malami na Ingila, Samuel Johnson, da ya wallafa babban ƙamus na Turanci, ya faɗa a gabatarwarsa cewa irin wannan haɗi ya fi kome ba baƙo wuya. Sunan nan *phrasal verb* kuwa sai a 1925 ya fito, cikin wani littafi na Logan Pearsall Smith. Kun ga ke nan ciwon daɗaɗɗe ne, ba a kanku farau ba.

To, bari mu koma gida tukuna. A ce Bature ya zo Zariya koyon Hausa. An gaya masa ci shi ne sa tuwo a baka a haɗiye. Ya rubuta, ya hardace. Kashegari ya ji an ce wane ya ci bashi, wane ya ci amana, yaro ya ci jarrabawa, an ci direba tara, mata sun tafi cin kasuwa, aiki ya ci gaba. Ina tuwo a nan? An gaya masa sha na ruwa ne. Sai ya ji tsoho ya fita shan iska, ɓarawo ya sha kashi, amarya ta sha kunu, alhali ko kofi ba ta taɓa ba, fuska kaɗai ta ɗaure. Wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya duba wurin ci, zai tarad da ma'anoni jere, sai ya gaji da karantawa. Ku kuwa ba wanda ya taɓa zaunar da ku ya koya muku. Kun ji "cin amana" a dunƙule, kun riƙe shi a dunƙule, ba ku tsaya kuna tambaya da wane cokali a ke cinta ba. Haka za ku yi wa *break down*. Kada ku raba shi biyu ku fassara kowane gutsure. Ku ɗauke shi ɗungum: lalacewar mota ko inji.

Bambancin kaɗai shi ne, mu suna mu ke liƙa wa fi'ili, bashi, amana, iska, su kuwa 'yan kalmomin nan tara da 'yan'uwansu su ke liƙawa.

Amma kada ku ce duka sai an hardace kamar karatun allo. Da yawa daga ciki suna da ƙa'ida, kuma ƙa'idar tana cikin bakinku. Ku dubi wannan da kyau, gama shi ne cibiyar darasin. Abin da Bature ke yi da 'yar rakiya, Bahaushe da wutsiyar fi'ili ya ke yinsa. Mu kan ce yaro ya ci tuwo. In bai rage kome ba, sai mu ce ya cinye. Ya sha fura, ya shanye. Ɗan kasuwa ya sayi masara, in bai bar wa kowa ba, ya saye. Turanci ba shi da wannan wutsiya, don haka sai ya jawo *up* ta yi masa aikin.

*Eat*, ci. *Eat up*, cinye.
*Drink*, sha. *Drink up*, shanye.
*Buy*, saya. *Buy up*, saye.
*Use*, yi aiki da abu. *Use up*, ƙarar da shi.

Saboda haka in kun je gidan mai kun ji mai mota ya ce *fill it up*, ba sama ya ke nufi ba, nufinsa a cika tanki fal.

Har wa yau muna da wata wutsiya mai nuna abu ya rabu da mai shi. Jefa, jefar. Zuba, zubar. Ba, bayar. Nan kuma *away* ce ke aikin. *Throw* jefa ne, *throw away* jefarwa ne ko yarwa. *Pour away*, zubarwa. *Give away*, bayarwa kyauta. Sa'an nan ga *back*, mai nuna komawa inda aka fito. *Go back*, koma. *Come back*, komo. *Take back*, mayar. *Bring back*, maido. *Pay back*, biyan bashi. Ku lura, inda mu ke sa "o" a ƙarshe don mu nuna abu ya nufo wajenmu, su sai su sāke fi'ilin ɗungum, *go* ya zama *come*, *take* ya zama *bring*, 'yar rakiya kuwa tana nan yadda ta ke.

Waɗannan ba su da wuya. Wanda ya fahimci cinye da jefar da komo ya riga ya yi nisa.

Yanzu mu fita tasha, gama a nan yawancinku ke neman abinci. Ita kanta kalmar kwangila daga Turanci muka aro ta, daga *contractor*, kamar yadda muka aro lodi da gosulo da wanwe, har mun manta ba namu ba ne. A ƙarƙashin gadar nan hanyoyi suka gamu. Ga ta Kano, ga ta Kaduna, ga wadda ta bi ta Samaru da Shika ta nufi Funtuwa da Sakkwato, ga wadda ta shiga Fizet da Sabon Gari. Kullum baƙi na sauka, ɗaliban jami'a da masu zuwa asibiti da ma'aikata, da yawansu ba su jin Hausa. Mai babur ko mai keke da ya san 'yan kalmomin nan ba zai yi asarar fasinja ba.

Hawa da sauka iri biyu ne a Turanci. Abin da mutum ke hawa bisansa, ko ya iya tsayawa tsaye a cikinsa, kamar babur da bas da jirgin ƙasa, a kan ce *get on*, hau, da *get off*, sauka. Ƙaramar mota kuwa, wadda sai an sunkuya a shiga, a kan ce *get in*, shiga, da *get out*, fita. Sai dai ku yi hankali da *get out*. In kun faɗa wa mutum ita tsurarta, da murya sama, kora ce, daidai da "fice mini daga nan". Direba na ɗaukar fasinja, *pick up*. Yana sauke shi, *drop off*. In ɗan sanda ko jami'in kiyaye haɗari ya ɗaga hannu ya ce *pull over*, ba abin da za ku ja, nufinsa ku ratse gefen titi ku tsaya. *Slow down*, rage gudu. *Set off*, kama hanya. *Run out of petrol*, mai ya ƙare, ba wanda ya gudu. *Knock down*, a banke mutum. *Run over*, a take shi, Allah ya kiyaye.

Kun ji *off* ta fito sau da yawa. Cikin 'yan rakiyar nan duka, a ganinmu ba wadda ta kai ta rikici, don haka za mu ɗan daɗe a kanta. Jiragen nan ƙanana na makarantar koyon tuƙin jirgin sama da ke Palladan, wadda aka kafa a 1964, in ɗaya ya bar ƙasa, a kan ce *the plane took off*, ya tashi. Amma in likita ya ce muku *take off your shirt*, tuɓe riga ya ke nufi. Kalma ɗaya, ma'ana biyu, sai abin da ke kewaye da ita ya nuna wadda a ke so. *Go off* ma ta fi wannan. *The light went off*, an ɗauke wuta. *The alarm went off*, ƙararrawa ta kaɗa. *The milk went off*, madara ta lalace. Wuta ta mutu, ƙararrawa ta farka, duk da kalma guda! Kada ku tambaye mu dalili, haka masu abin suka gada.

Ga biyu da su kan jawo asara ta gaske, *put off* da *call off*. Mu ɗauka mutum ya nemi aikin direba a wani ofis, an sa masa ranar ganawa. Sai saƙo ya shigo wayarsa: *The interview has been put off till Monday.* Shi ya san *off* kashewa ce, sai ya ce shi ke nan, an kashe maganar, ya zauna gida. Alhali ɗagawa aka yi zuwa Litinin. Ran Litinin waɗansu suka je, aka ɗauki ɗaya. Da sokewa aka yi, da *called off* za a rubuta. Ku riƙe: *put off*, ɗagawa, *call off*, fasawa. In kuwa an rubuta *you must turn up by 8*, lalle ku hallara da ƙarfe 8. In aka ce *your application was turned down*, ba a karɓa ba, sai haƙuri. *Laid off* kuma sallama ce daga aiki, ba don laifi ba, don aikin ya ragu.

Akwai waɗansu uku da mu ke so kowa ya rubuta da manyan baƙaƙe. *Pass by*, wucewa ta kusa. *Pass out*, suma. *Pass away*, rasuwa. Tsakanin suma da rasuwa 'yar kalma ɗaya ce. A ce an kwantar da tsohonku a Shika, ɗan'uwan da ke jinya ya aiko da saƙo da Turanci, *Baba passed out this morning but he has come round.* Mai karatun da bai ƙware ba ya ga *passed*, sai ya ɗora hannu a ka, mata su fasa kuka, a fara buga wa dangi waya. Alhali saƙon cewa ya yi Baba ya suma da safe amma ya farfaɗo, gama *come round* farfaɗowa ne. Duk wanda aka ba saƙon rashin lafiya ya karanta, ya karanta har ƙarshe, sau biyu, kafin ya buɗe baki. In yana da shakka ya buga waya ya tambaya da Hausa, ba abin kunya ba ne.

Daɗin daɗawa, mu a Zariya mun san wata ma'ana ta *pass out*. Barikin horad da kuratan soja yana nan garin tun 1924. Ran da kurata suka gama horo a kan yi fareti, a ce *passing out parade*, watau bikin yaye su. Haka masu yi wa ƙasa hidima su ke faɗi ran da suka gama shekararsu. Don haka in yaro ya rubuto *I will pass out next month*, ba alkawarin suma ya ke yi ba, sai a taya shi murna.

Tun da mun shiga asibiti, ga kaɗan da likita ko nas kan faɗa. *Throw up*, amai. *Lie down*, kwanta. *Breathe in, breathe out*, ja numfashi, saki. *Cut down on sugar*, rage sukari. *Give up smoking*, bar shan taba ɗungum. Ragewa dabam, bari dabam, mai ciwon sukari ko hawan jini ya kamata ya tabbata wanne aka ce masa.

Na ofis da banki da waya ba sai mun daɗe ba, kuna gamuwa da su kullum. *Fill in* ko *fill out*, cika fom, duka biyu ɗaya ne, na fari ya fi yawa a Ingila, na biyu a Amurka. *Hand in*, miƙa. *Cross out*, soke da alƙalami. *Pay in*, zuba kuɗi a asusu. *Top up*, ƙara kati. *Call back*, sake bugowa. *Hang up*, katse waya. In banki ya aiko muku *never give out your PIN*, gargaɗi ne kada ku faɗa wa kowa lambarku ta sirri, ko da ya rantse daga bankin ya ke.

Wani ɗalibi zai ce, "Malam, ai ba haka mu ke ji a tasha ba." Gaskiyarsa. Turancin Nijeriya yana da nasa hali. A nan fasinja kan ce *I will drop at Kwangila*, inda littafi ke cewa *get off*. A kan ce *off the light*, a mai da 'yar rakiya ta zama fi'ili da kanta, inda littafi ke cewa *switch off* ko *turn off*. Shugaban taro kan ce *let me round up*, yana nufin zai rufe jawabi, alhali a Ingila *round off* a ke faɗi, *round up* kuwa tattarawa ne, kamar yadda makiyayi ke tattara shanu, ko 'yan sanda su yi kame. A kan ce mace *has taken in*, watau ta sami ciki, Bature kuwa in ya ji *she was taken in*, abin da zai fahimta an yaudare ta. Mu ba mu ce wannan Turanci na banza ba ne. Yana biyan bukata, kowa na ganewa, wanda ya tsaya gyara wa fasinja magana a ƙarƙashin gada sai wani ya ɗauke masa shi. Amma mai gyara takardar jarrabawa da mai karanta wasiƙar neman aiki na littafi su ke nema. Ku san duka biyu, ku san inda kowanne ke shiga.

Saura ƙa'idodin jeri, guda biyu ne.

Ta fari, in lokaci ya sāke, fi'ili ne ke sākewa, 'yar rakiya ba a taɓa ta. Yau *break down*, jiya *broke down*. Yau *get off*, jiya *got off*. Yau *take off*, jiya *took off*. Kada a kuskura a rubuta *break downed*.

Ta biyu ta fi bukatar lura. Da yawa daga fi'ilan nan a kan iya raba su, a sa sunan abu a tsakiya. *Switch off the engine* daidai ne, *switch the engine off* ma daidai ne. Amma in aka ɗebe sunan aka sa wakilinsa, watau *it, him, her, them*, to, tilas ya shiga tsakiya: *switch it off, pick him up, hand them in*. Ba a cewa *switch off it*. Waɗansu kuwa ba su rabuwa ko kaɗan, kamar *look after*, kula da, da *look for*, nema. *Look after him* a ke cewa. Haka masu 'yan rakiya biyu, irin su *run out of*, da *put up with*, haƙuri da abu, da *look forward to*, ɗokin abin da ke tafe, ba a tsaga su. Ƙamus mai kyau ya kan nuna wanda ke rabuwa da wanda ba ya rabuwa. In za ku duba, ku nemi fi'ilin tukuna, 'yan rakiyarsa suna jere a ƙarƙashinsa. Wannan dubawa ma sunanta *look up*.

Za ku lura kuma yawancinsu suna da takwara, doguwar kalma guda, wadda Turanci ya aro daga Latin ko Faransanci. *Put off* takwararta *postpone*, *call off* tata *cancel*, *hand in* tata *submit*. Dogayen sun fi yawa a takardun gwamnati, gajerun a baka. Wannan yana da amfani ƙwarai. In an faɗa muku *put off* kuna shakka, sai ku ce, *Do you mean postpone or cancel?* Nan take magana ta fito fili.

Game da hardacewa, ga shawararmu. Kada ku ɗauki *get* ku jera 'yan rakiyarsa goma ku ce za ku haɗiye a dare ɗaya, za su cakuɗe. Kowa ya sami ɗan littafi na aljihu, ya raba shi bisa wurare: shafin tasha, shafin asibiti, shafin banki, shafin waya. In kun ji sabo, ku rubuta jimlar duka yadda kuka ji ta, da Hausarta a ƙasa. Biyar a mako sun isa. Iyayenmu da suka shiga ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, da 'yan littattafan da a ke bugawa a Kamfanin Gaskiya na Zariya, ba rediyo kowane gida, balle waya. Ku kuwa Turanci na shigo muku aljihu kullum, saƙon banki, saƙon kamfanin waya, ga allunan bakin titi. Daga nan za ku tsinci biyar ɗinku.

Aikin gida. Ku juya waɗannan zuwa Hausa, ku ja layi ƙarƙashin fi'ili da 'yar rakiyarsa:

1. *We set off at 6 and the bus broke down near Giwa.*
2. *The wedding has been put off, not called off.*
3. *She passed out in the market but soon came round.*
4. *Fill in the form and hand it in on Friday.*

Sa'an nan ku juya waɗannan zuwa Turanci:

5. Yara sun cinye tuwon.
6. Sauke ni a Kwangila.
7. Ga fitilar can, kashe ta.
8. Mai ya ƙare mana a hanyar Funtuwa.

A lamba 7 ku tuna inda *it* ke zama. Ran Laraba kowa ya zo da ɗan littafinsa, da jimla ɗaya da ya tsinto da kansa daga waya ko allon titi, za mu karanta su ɗaya ɗaya a aji.